Tambaya: wai Makbet ɗan waye, kuma da gaske ƙwacen sarauta ya yi?

ɗan_ƙofar_marusa

Salamu alaikum jama'ar wannan zaure. Dan Allah masana tarihi a taimaka man da wani abu da ya tsaya man a rai tun ranar Laraba. Ina koyar da adabin Turanci a wata sakandare nan cikin Katsina, muna kan wasan kwaikwayon nan na Shekisfiya, Makbet, sai nake ce ma yara ai Mac a harshen mutanen Sikotilan na da ma'anarshi ɗa, kaman yadda muke cewa Ɗan Marina ko Ɗan Masani. Kawai sai wata yarinya daga bencin baya ta ɗaga hannu ta ce malam kenan sunan babanshi Bet? Na ce mata eh, amma wallahi tun kafin a kaɗa ƙararrawa raina bai kwanta da amsar ba.

Da dare na shiga intanet in duba sai na ƙara ruɗewa, wanda littafinmu ya ce Duncan na ga an rubuta Donnchad, Malcolm ya koma Máel Coluim, Kenneth ya koma Cináed, kuma sarki uku huɗu duk suna ɗaya, wannan ya kashe wancan, ɗan wancan ya taso ya kashe wannan. To tambayata biyu ce. Mi sunayen nan suke nufi, kuma mi ya sa aka canza su? Sannan shi Makbet ɗin na gaskiya, ɓarawon sarauta ne kaman yadda muke koya ma yara ko yana da haƙƙi? Ina so in koma aji ranar Litinin in gyara abin da na faɗa ma yarinyar nan, don amana ce.

tsohon_malami_daura

Wa alaikumus salam. Malam Allah ya saka da alheri da ka damu ka gyara, kuma ka gaishe man da wannan ɗiya, tambayarta ta masu hankali ce.

Sunan babanshi ba Bet ba ne. Sunan uban Findláech, shi ke riƙe da ƙasar Moray can arewa. Cikakken sunan sarkin shi ne Mac Bethad mac Findlaích. Ka ga mac ta zo sau biyu, ta biyun ce ke nuna uba. Ta farkon cikin sunan yanka take, Mac Bethad wato ɗan rai ko ɗan rayuwa. Ai mu ma haka ne, in ka ji Ɗanjuma ko Ɗanladi ba ka cewa uban nashi Juma ne ko Ladi.

Harshen sunanshi Gelik, dangi ɗaya da na mutanen Ayalan. Máel asalinta mai askakken kai, don masu bautar Kirista na wancan zamani suna aske kai, daga nan kalmar ta koma nufin bawa ko almajiri. Columba kuma wani malamin addininsu ne da ya ƙetaro daga Ayalan ya zauna tsibirin Iona a 563, ya mutu 597. To Máel Coluim almajirin Columba kenan. Gille ma bara ne ko yaron wani, shi ya sa za ka ga Gille Críst, wato baran Almasihu. Domnall, wanda Turawa suka maida Donald, mai mulkin duniya. Áed wuta. Akwai sarkin da ake ce ma Dub, wato baƙi, mu da Duna za mu ce mashi, akwai Domnall Bán wato fari, Jatau kenan. Wanda ya gaji Dub ma sunanshi Cuilén, ma'anarshi ɗan kwikwiyo, kuma wurinsu ba zagi ba ne. Canjin sunan kuwa ba wani abin mamaki, marubutan baya da Latin da Ingilishi suke rubutu, sai suka lanƙwasa sunayen yadda bakinsu zai iya, yadda Sakkwato ta koma Sokoto a takardar Bature. Lambobin nan na ɗaya na biyu na uku su ma daga baya aka liƙa masu, mutanensu da sunan uba da laƙabi suke bambance su.

Yanzu maganar sarauta, nan ne nake so ka natsu. Cináed mac Ailpín da ake ƙirga gidan daga kanshi ya mutu 858. Ƙanenshi Domnall ya hau, ba ɗanshi ba. Bayan Domnall sai ɗiyan Cináed biyu, Causantín sannan Áed. Daga waɗannan biyun gida ya rabu biyu, aka dinga karɓa-karɓa: ɗan Causantín ya yi, ɗan Áed ya yi, a koma wancan ɗaki, a dawo wannan, har wajen shekara ta 997. Duk wanda ya san Zazzau ya san abin da nake faɗi, Mallawa da Barebari da Katsinawa da Sulluɓawa, ko Sakkwato farkon lamari tsakanin gidan Bello da gidan Atiku. Su dai babban mutum suke so wanda zai iya jan yaƙi, don lokacin mayaƙan teku na ƙasashen Nowe da Denmak ba su bar su sun huta ba, ba a ba yaro ƙarami ragama. Wani abu da ni kaina ya ba ni mamaki sanda na bi jerin da biro, tun daga 858 ba a samu ɗa ya gaji ubanshi kai tsaye ba sai 1214. Ka duba da kanka ka gani.

Wanda ya karya tsarin shi ne Máel Coluim mac Cináeda, ya kashe sarkin da ke kai a 1005 ya hau, ya yi shekara 29, kuma da ya mutu 1034 sai jikanshi ta wajen ɗiya mace ya gaje shi, shi ne Donnchad, Duncan ɗin littafinku. Ba tsoho ba ne mai furfura, saurayin sarki ne, ya kai hari garin Durham na Ingila aka koro shi, sannan a 1040 ya ɗauki runduna ya shiga Moray, ƙasar Makbet, aka kashe shi kusa da Elgin. A fagen fama ne, ba a kan gado cikin dare yana baƙo ba. Makbet ya yi shekara 17 yana mulki. A 1050 har Rum ya je ziyara, wani marubucin zamanin ya ce ya watsa ma talakawa kuɗi kaman mai shuka iri. Malam ka yi tunani, sarkin da ƙasa ba ta yarda da shi ba zai bar gadonshi wata da watanni ya tafi Rum ya dawo ya iske shi yadda ya bar shi? Ni a ganina bisa al'adar zamaninshi Makbet ya hau ne ta ƙofar da magabatanshi suka bi. Jikokin Donnchad ne suka ci gaba da sarauta, su aka yi ma rubutu. Shi Shekisfiya kuma zamanin Sarki James ya yi wasan, bayan James ɗin ya haɗa sarautar Sikotilan da Ingila a 1603, to ba zai ɓata kakannin mai gida ba.

yar_kusugu

Baba sannu da ƙoƙari, Allah ya ƙara lafiya. Amma kun manta matar, kuma ni ita ta fi damuna don an zalunce ta a wasan nan, ko sunanta ba a faɗa ba, an maida ta mayya mai zuga miji. Sunanta Gruoch, ɗiyar Boite ce, shi kuma Boite ɗan wani sarki Cináed ne, kenan jinin sarauta ce ta gaske ba aure ya kawo ta gidan ba. Mijinta na fari Gille Coemgáin ɗan'uwan Makbet ne, ɗan baffanshi, kuma yana cikin waɗanda ake cewa sun kashe mahaifin Makbet a 1020. A 1032 aka ƙona Gille Coemgáin da mutanenshi wajen 50. Shekara ta zagayo kuma sarki Máel Coluim, kakan Donnchad, ya kashe wani namiji daga gidan Boite, wato danginta, ana ganin don ya share ma jikanshi hanya. Sai ga ta bazawara da ɗa ƙarami, Lulach, Makbet ya aure ta ya riƙe agolan, kuma da aka kashe Makbet a Lumphanan a 1057 wannan agolan aka naɗa, duk da dai watanni kawai ya yi aka kashe shi a 1058. Abin da aka tabbatar ta yi da hannunta a rubuce shi ne ita da mijinta sun ba masu ibada na tafkin Leven kyautar ƙasa. Shi kenan fa, babu wuƙa babu wanke jini a hannu.

Ni da na tashi Daura ina jin labarin Magajiyoyi tun ina ƙarama, kakata na kai mu rijiyar Kusugu tana lissafo mana su, ban taɓa ganin abin mamaki ba ne a ce sarauta ta bi ta ɗaki. Kuma ku lura shi Donnchad ɗin ma ta uwa ya samu, uwarshi Bethóc ce ɗiyar sarki, ubanshi Crínán shugaban gidan ibada ne na Dunkeld. To in an yarda da tashi ta wajen uwa, don mi za a ce ta Lulach ba ta halatta ba? Malam dan Allah in ka koma aji ka faɗa ma yaran mata sunanta.

bakatsine_a_gilasgo

Ina gaida Baba da Yaya. Ni karatu ya kawo ni nan shekara ta biyu kenan, ba tarihi nake karanta ba amma abin ya shiga raina tun da na fara ganin allunan hanya da harshe biyu in an nufi arewa. Har yanzu sunan ƙasar da Gelik Alba ne, har tashar talabijin gare su BBC Alba, sai dai masu jin harshen sun yi ƙaranci ƙwarai, a Gilasgo sai ka daɗe ba ka ji shi a titi ba.

Na je Scone inda suke naɗin sarauta. Wallahi na zaci zan ga wani abu kaman Ƙofar Soro, sai na iske ɗan tudu ne mai ciyawa da ƙaramin ɗakin ibada a kai, da kwaikwayon dutsen da ake zaunar da sabon sarki a kanshi ranar naɗi, a ajiye kan wasu duwatsu biyu. Dutsen na ainihi na gan shi a gidan tarihi na Perth, tun 2024 yake can. Bai kai dutsen niƙa biyu ba a ido, jaja-jaja, da zoben ƙarfe ɗaya kowane gefe, nauyinshi wajen kilo 152. Sarkin Ingila Edward na ɗaya ya kwashe shi a 1296 ya kai Landan, sai 1996 aka maido, shekara 700 cif.

Amma Baba da girmamawa, ina ganin kun ɗan yi ma karɓa-karɓar nan kwalliya. Ba masu zaɓen sarki ne ke zama su ce yanzu layin wane ba, kaman yadda Kaura da Galadima da Ƴandaka da Durɓi ke zama a Katsina. Yawanci takobi ne ke cewa lokacinka ya yi. Dub kashe shi aka yi, Cuilén kashe shi aka yi, Cináed ɗan Máel Coluim haka, Causantín ɗan Cuilén shekara biyu kawai ya samu, Cináed ɗan Dub haka. Wanda na san ya sauka da ƙafarshi shi ne Causantín mac Áeda, ya yi shekara wajen 43 daga 900, ya ajiye sarauta ya shiga gidan ibada a St Andrews har ya mutu 952. In ɗa ya san ba zai gaji ubanshi ba sai ya kawar da ɗan baffanshi, ai an shuka gaba cikin gida kenan. Mu ma mun ga irinta, basasar Kano ta 1893 tsakanin Tukur da Yusufawa ba ɗiyan wa da ƙane ba ne? Saboda haka ni ban ga laifin waɗanda suka ce a tsaya kan ɗan fari a huta ba. Na yarda Makbet ba ɓarawo ba ne, amma tsarin da ya ba shi haƙƙin shi ne ya ci shi.

tsohon_malami_daura

Ɗana gaskiyarka kan jinin, ban musa ba, kuma na ji daɗi da ka je ka gani da idonka. Sai dai ka bi abin da ya biyo baya ka ga ko an huta ɗin.

Máel Coluim ɗan Donnchad, wanda ya kashe Makbet da Lulach, ya yi mulki daga 1058 zuwa 1093. Matarshi ta fari ta haifa mashi Donnchad. Ta biyu Margaret gimbiya ce daga tsohon gidan sarautar Ingila, ta haifi maza shida: Edward, Edmund, Ethelred, Edgar, Alexander, David. Ka karanta su da kyau, ko ɗaya babu sunan Gelik. Malam mai tambaya, amsar rabin tambayarka tana nan, sunayen ba a takarda kaɗai suka canza ba, a zanen suna ma sun canza. Da aka kashe Máel Coluim a Alnwick, manyan ƙasa suka koma tsohuwar al'ada suka naɗa ƙanenshi Domnall Bán, shi kuma ya kori Ingilishin da suka cika fada. Ɗiyan wan nashi suka nemo taimakon Ingila, Donnchad ya karɓe a 1094 bai rufa shekara ba aka kashe shi, Domnall ya dawo, Edgar ya zo da rundunar Ingila a 1097 ya tuɓe shi, daga baya aka makantar da tsohon. Sarki na ƙarshe mai sunan Gelik shi ne Máel Coluim na huɗu da ya mutu 1165.

To su jikokin Donnchad ɗin nan na matar fari, da ake ce ma Meic Uilleim, su ne ɗakin babba in ma ɗan fari ake bi, amma aka tsallake su. Ba su haƙura ba, kaman yadda sarakunan Haɓe na Katsina suka koma Maraɗi ba su bar sunan Sarkin Katsina ba, namu na Daura suka zauna Zango har Allah ya maido su. Su nasu bai zo da daɗi ba. An kashe Domnall mac Uilleim a 1187, wani ya tashi 1211, wani 1215, duk aka murƙushe su. Jikan Lulach ma, Óengus na Moray, tun 1130 aka kashe shi a yaƙi. Na ƙarshen Meic Uilleim jaririya ce, wajen 1230 aka kai ta tsakar kasuwar Forfar aka yi shela aka buga kanta da ginshiƙin kasuwa. Duk sanda na tuna wannan sai jikina ya mutu. A tsohon tsari ƙato ke fuskantar ƙato, a sabon kuwa tunda jini kaɗai ake dubawa, har jinjiri ya zama abin tsoro.

Amma ban ce sun yar da komai ba. A naɗin Alexander na uku a 1249, yana ɗan shekara bakwai, wani maroƙin Gelik ya fito ya durƙusa ya jero mashi kakanninshi da harshen, wane ɗan wane ɗan wane har can asali. Wanda ya taɓa tsayawa ƙofar fada da Sallah ya ji Sanƙira na yi ya san wannan.

ɗan_ƙofar_marusa

Kai jama'a na gode ƙwarai, Baba Allah ya ƙara girma, Yaya in sha Allahu zan rubuta Gruoch a allo da manyan baƙaƙe. Saura abu ɗaya, a binciken da na yi na ga wani wuri an ce mutum 13 suka nemi sarautar lokaci guda, wannan zamanin Makbet ne ko daban?

bakatsine_a_gilasgo

Malam wannan can baya ne, sama da shekara 230 bayan Makbet. Shi Alexander na ukun da Baba ya ambata, ɗiyanshi uku duk sun riga shi mutuwa, shi kuma a 1286 ya faɗo daga kan doki cikin dare kusa da Kinghorn aka tsinci gawarshi da safe. Magajiyar da ta rage jikanyarshi ce Margaret, ɗiyar sarkin Nowe, aka ɗauko ta a jirgin ruwa ta rasu a tsibiran Orkney a 1290 tana shekara bakwai. Nan ne Baba zai ce ga illar dogaro da ɗaki ɗaya, kuma na yarda a nan, don gida ya ƙare ƙaf.

Sai mutum 13 suka fito, amma masu ƙarfin hujja biyu ne, John Balliol da Robert Bruce tsoho, duk sun fito daga David na Huntingdon jikan Sarki David na ɗaya. Balliol ta wajen babbar ɗiya ya fito amma shi tattaɓa-kunne ne, Bruce ta wajen ɗiya ta biyu amma shi jika ne, ya fi kusa da taki ɗaya. Kenan babban ɗaki ko kusancin jini, wanne za a bi. Cikin sauran ma akwai John Comyn wanda ya jawo nasabarshi tun daga Domnall Bán ɗin da aka makantar. Da suka ji tsoron basasa sai suka kira Edward na Ingila ya raba gardama, shi kuma ya ce sai kowa ya fara amsa cewa shi ne uban gidan Sikotilan. Aka zaunar da mutum 104 su saurari ƙarar, 40 na Balliol, 40 na Bruce, 24 na Edward, a watan Nuwamba 1292 aka ba Balliol. Shekara huɗu ba ta cika ba Edward ɗin ya tuɓe shi, aka yage tambarin sarauta daga rigarshi a gaban jama'a, lokacin ne kuma ya tafi da dutsen. Jikan Bruce tsoho, shi ma Robert, shi ya hau a 1306 bayan ya kashe ɗan wancan Comyn ɗin cikin coci a Dumfries, ya kuma ci Ingila a Bannockburn a 1314.

yar_kusugu

Ƙanena ka bar guda. A naɗin Bruce ɗin babu dutse, kuma bisa al'ada gidan Fife ne ke zaunar da sarki, gidan da ake ce ma Mac Duib, waɗanda ake ganin zuriyar Dub ne, wanda Baba ya ce Duna, su ne Macduff na littafin malam. Mai riƙe da gidan lokacin yaro ne kuma yana hannun Ingilishi, sai Isabella matar mai Buchan, ɗiyar gidan, ta hau doki ta zo Scone ta yi naɗin da hannunta, alhali mijinta ɗan gidan Comyn ne. Da Edward ya kama ta keji ya sa aka ƙera mata a ganuwar Berwick, ta yi shekara huɗu a ciki. Malam in akwai sauran wuri a allon ka sa ta ƙarƙashin Gruoch.